Gure: Idan Mai Kaki Ya Yi Laifi, Wa Ake Kai Wa Ƙara?

Duk motar da ta taso daga Damagaram za ta Difa, sai ta ratsa Gure. Tafiyar kilomita kusan 170 ce daga babban birnin jihar, a bi ta Mirya da Gidimuni da Gidigir, ana barin ƙasar gero sannu a hankali ana shiga ta rairayi da kwarurruka masu dabino da goriba da kanwa. Nan ne tsohuwar fadar Muniyo, inda matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya sauka wajen Muniyoma Kosso a ƙarshen 1852. Yau garin shi ne mazaunin parefe na wata gunduma wadda ƙidayar 2012 ta ce mutanenta sun haura dubu 300: Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa da Abzinawa, manoma da makiyaya da fatake. Kudu da ita iyakar Nijeriya ce ta wajen jihar Yobe, arewa kuma Tasker, wadda a da take ƙarƙashin Gure kafin a ba ta gundumarta a 2011.

Mutumin wannan ƙasa yana iya cin karo da kaki iri biyar kafin rana ta faɗi. Cikin gari akwai ɗan sanda. A kan hanya da ƙauyuka akwai jandarma. Ɗan garde yana ƙofar parefe da gidan kaso, yana kuma sintiri a daji. Ɗan duwan yana jiran kayan da suka tsallako iyaka, ɗan gandun daji yana duban itace da gawayi. 'Yan sanda da 'yan garde na ƙarƙashin ministan cikin gida, jandarmomi na ma'aikatar tsaro ne, duwan ta kuɗi, gandun daji ta muhalli. Talaka dai bai cika wahalar da kansa da wannan rabe-rabe ba. A bakinsa duk sunansu ɗaya, masu kaki, ko kuma a taƙaice, hukuma. Karin maganar da ya gada kuwa ta riga ta gaya masa yadda ake zama da ita: hukuma sai lallashi.

Mutanen Gure ba su ƙi jinin masu kaki ba. Idan aka kore wa mutum raƙuma, birgadin jandarma yake nufa da gudu. Abin da ya yi ƙaranci shi ne yardar cewa in jami'in ne da kansa ya ci zali, akwai inda za a je a faɗa, a saurara, a hukunta, kuma mai ƙarar ya koma gida ya kwana lafiya. Tarihin Nijar na shekaru talatin da 'yan kai ya nuna cewa irin wannan hukunci yakan samu, amma sai an yi gawa ko an ɗauki bidiyo, kuma galibi a Yamai, wadda ke da nisan fiye da kilomita 1,000 daga Gure.

Gadon gardi

Tsoron kaki ya girmi jamhuriya. Bayan Faransawa sun kama Damagaram a 1899, sun mulki ƙasar da 'yan tsirarun Turawa da tarin gardawan kwamanda, waɗanda aikinsu shi ne karɓar haraji, kamo mutanen aikin tilas, da raka wanda kwamanda ya ce a kulle. A ƙarƙashin dokar da aka keɓe wa 'yan ƙasa a lokacin, kwamanda na da ikon ɗaure mutum na kwanaki ko cinsa tara ba tare da an je gaban alƙali ba. Sai a 1946 aka soke wannan doka tare da aikin tilas. Tsofaffi da dama a ƙasar Muniyo sun tashi suna jin labarin yadda ƙauye kan watse in an hango jar hular gardi.

'Yancin kai na 1960 ya sauya tuta, amma bai sauya wanda kaki ke yi wa aiki ba. Gwamnatin Diori Hamani ta murƙushe 'yan Sawaba a 1964 da shekarun da suka biyo baya, kuma ƙasar Damagaram na cikin inda jam'iyyar ke da magoya baya. Zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, mutane sun koyi rage murya a tasha da majalisa saboda 'yan leƙen asiri. Har yanzu akwai masu yabon wancan zamani, suna cewa ma'aikaci na tsoron taɓa dukiyar gwamnati. Gaskiya ne, sai dai tsoron na shugaba ne. Jami'i ya san zai amsa tambaya a sama, bai taɓa jin cewa zai amsa ta a gaban talakan da ya mara ba.

Wannan tsari na kallon sama shi ne ya wanzu. Rundunar gardawan jamhuriya ta sauya suna zuwa FNIS a shekarun 1990, sannan ta koma Garde Nationale a 2010. An buɗe makarantu, an ɗauki masu digiri, an shigar da darasin haƙƙin ɗan Adam cikin horo. Amma ƙarin girma da sauyin wurin aiki da ladabtarwa duk daga Yamai suke saukowa, kuma ba kasafai mutanen garin da abin ya faru suke jin yadda aka ƙare ba.

Shinge da na goro

Inda talaka ya fi haɗuwa da hukuma shi ne shingen hanya. Ranar kasuwar Gidigir ko ta Subdu, motoci kan yi lodin awaki da raguna da buhunan kanwa da fasinja a sama, wasu su nufi Damagaram, wasu su yi kudu zuwa kasuwannin Nijeriya irin su Nguru da Maigatari. Direban da ya saba hanyoyin ƙasar ya san al'adar: a tsaya, yaron mota ya sauka da takardu, a gaisa da shef, a dawo. Dala ɗari ko jaka guda da aka naɗe cikin takardun suna da sunaye masu daɗi, na goro, na shayi, na ruwa. Wanda ba shi da katin ɗan ƙasa, kuma irinsu suna da yawa cikin makiyaya da matan ƙauye, shi ake cewa ya sauko, motar kuma ta jira shi.

Wannan ba zargin 'yan tasha kaɗai ba ne. Ƙungiyar UEMOA ta daɗe da kafa sashen da ke ƙirga shingaye da kuɗin da ake karɓa ba bisa ƙa'ida ba da lokacin da ake ɓata wa direbobi a manyan hanyoyin yankin. Masanan cibiyar bincike ta LASDEL da ke Yamai, irin su Mahaman Tidjani Alou da Jean-Pierre Olivier de Sardan, tare da Giorgio Blundo, sun yi shekaru suna bin diddigin ƙananan cin hanci a Nijar da Benin da Senegal, suka nuna cewa abin ya zama tsari mai dillalai da farashi da rabon kaso. Direban da takardunsa suka cika yakan biya don kada a ɓata masa rana, wanda nasa ba su cika ba kuma ya biya don ya fi masa arha a kan gyara mota. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Akwai kuma ɓangaren da fasinja ba ya gani. Bayan mutuwar mutum 92 da ƙishirwa a hamada kusa da iyakar Aljeriya a watan Oktoba na 2013, akasarinsu mata da yara daga ƙasar Kance ta jihar Damagaram, hankali ya koma kan yadda motocin 'yan ci-rani ke wuce shingaye. Wani rahoton hukumar yaƙi da cin hanci ta HALCIA, wanda kamfanin dillancin labarai na Reuters ya fallasa a 2015, ya ce kuɗin da jami'ai ke karɓa a hanyar Agadas da su ake sayen mai da kayan gyaran mota da abinci, domin kasafin da aka ware ba ya isowa. Ma'ana, gwamnati ta tura mutum daji da bindiga da mota, ta bar shi ya nemi man da zai zuba. A gunduma mai faɗi kamar Gure, inda zuwa wani ƙauye ke cin rabin yini cikin rairayi, ba baƙon abu ba ne a ce wa mai ƙara ya kawo kuɗin mai kafin a tashi mota. Daga ranar da ya biya, shi da wanda ake ƙara duk sun san cewa binciken yana da mai shi.

Fetur ɗin sumoga da ake kira ruwa-ruwa ya ƙara dagula lissafin. Samari da yawa a jihar da shi suke ci, ana sayar da shi a kwalabe a bakin titi kowa na gani, amma doka ta hana. Abin da aka hana a takarda aka kuma ƙyale a fili, shi ne ke ba jami'i damar kama wanda ya ga dama ya saki wanda ya ga dama. Nan ne saurayi ke fara koyon cewa doka ciniki ce.

Abin da ke faruwa a birgadi

Wani masani Bajamushe, Mirco Göpfert, ya zauna tare da jandarmomin wani birgadin karkara a Nijar, ya fitar da littafi a kansu a 2020. Abin da ya gani ya saɓa wa zaton masu ganin kowane jandarma azzalumi ne. Yawancin ƙararrakin da ake kawowa, faɗan makwabta, bashi, ɓarnar gona, satar akuya, ba sa isa kotu. Jandarmomin kan zaunar da ɓangarorin a yi gyara, a biya diyya, a yafe wa juna, domin su ma sun san dokar da aka rubuta da Faransanci ba kullum take dacewa da abin da mutane ke kira adalci ba, kuma tura mutum kaso kan akuya na iya haddasa gabar shekara ashirin.

Mutane da yawa sun fi son hakan, don yana da sauri kuma ba ya tona asiri. Illarsa ita ce ba ya barin sawu. In an yi gyara na gaskiya, babu takarda. In an tsoratar da mutum da kulle har ya sayar da saniya ya fanshi kansa, nan ma babu takarda. Makiyaya sun fi kowa kuka da wannan, musamman da kaka, lokacin da dabbobi ke gangarowa kudu kafin a gama kwashe amfanin gona. Dokar makiyaya ta 2010 ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne, dokar ƙasa kuma ta ba sarakuna da hakimai da masu gari ikon sasanta rigimar gona da ta kiwo, akwai kuma kwamitocin filaye da aka kafa ƙarƙashin dokar karkara ta 1993. Duk da haka Bafulatani ko Batube da aka tsare kan ɓarna ya san cewa garkensa ne ake kallo, manomi kuma na zargin cewa mai shanu ya fi shi abin miƙawa. Kowane ɓangare na fita da yaƙinin cewa an sayar da shi.

A rubuce, kariyar tana nan. Tsarewar bincike awa 48 ce, ana iya ƙara wasu 48 da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati, ban da shari'o'in ta'addanci da aka ba wa wa'adi mai tsawo. Doka ta ce wanda za a miƙa wa kotu a haɗa shi da takardar likita mai shaida cewa ba a taɓa lafiyarsa ba. Wata ƙa'idar UEMOA ta 2014 ta ba mutum damar samun lauya tun daga lokacin da aka kama shi. Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa a 1998, kuma a 2020 ta sanya azabtarwa cikin laifukan da dokarta ke hukuntawa. Sai dai kusan dukkan lauyoyin ƙasar a Yamai suke zaune. Mutumin Kelle ko Bune da aka kulle ranar Juma'a da yamma, lauyansa shi ne kawunsa da mai gari, kuma abin da za su nema shi ne a sassauta, ba za su tsaya tambayar awa nawa ya yi a ciki ba.

Ranakun da aka zubar da jini

Ranar 9 ga Fabrairu 1990, jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗaliban da ke tsallaka gadar Kennedy a Yamai, aka kashe uku bisa ƙidayar hukuma. Wannan rana ce ta buɗe hanyar Babban Taron Ƙasa na 1991, wanda ya kafa kwamitin binciken laifuka da cin zarafi. Har yau ƙungiyar ɗalibai ta USN na tunawa da ranar kowace shekara, tana maimaita buƙatar a yi shari'a. Bayan kisan Shugaba Ibrahim Baré Maïnassara a watan Afrilu na 1999, an rubuta afuwa ga masu hannu cikin kundin tsarin mulki, sai da iyalinsa suka je kotun CEDEAO, wadda a 2015 ta ce an tauye musu haƙƙi ta kuma umarci a biya su diyya. Talaka ya ɗauki darasinsa: in jinin shugaban ƙasa bai kai kowa gaban alƙali ba, ina ga nasa?

A jihar Damagaram, abin da ba a manta ba shi ne watan Disamba na 2011, kwanaki kaɗan bayan buɗe matatar mai ta SORAZ. Shari'ar wani ɗan adawa ta jawo taro, taron ya rikiɗe ya zama arangama, wani ɗalibi ya mutu bayan gwangwanin barkonon tsohuwa ya same shi, washegari kuma harsashi ya kashe wata mata. Birnin ya yi kwanaki yana hayaƙi. Gwamnatin Mahamadou Issoufou ta sauke shugaban 'yan sanda na ƙasa da wasu manyan jami'ai. Ba a saba ganin haka ba, kuma ya taimaka wajen kwantar da ƙura. Amma sauke mutum daga kujera mataki ne na mulki. Iyalan mamata shari'a suke jira, wadda za ta faɗi wanda ya harba da wanda ya ba da umarni.

A watan Janairu na 2015 kuka ya zo ta wata fuska. Zanga-zangar ƙin jinin jaridar Charlie Hebdo ta ci rayuka goma a Damagaram da Yamai, ciki har da jami'in tsaro, aka ƙona coci-coci da dama, wutar ta kai har Gure. A wannan karon, ƙorafin Kiristoci da yawa shi ne jami'ai ba su zo da wuri ba. Wannan ma tambaya ce ta alhaki: wanda aka ba amanar tsaro yana amsa tambaya kan abin da ya yi, yana kuma amsawa kan abin da ya bari aka yi.

Akwai dai lokacin da aka ga abin ya tafi yadda ya kamata, kowa na kallo. Ranar 10 ga Afrilu 2017, an tarwatsa zanga-zangar ɗalibai a jami'ar Yamai, ɗalibi Mala Bagalé ya rasu. Hukuma ta ce faɗuwa ya yi, ɗalibai suka ce gwangwanin barkonon tsohuwa ne. Kwanaki kaɗan sai ga bidiyo yana yawo a wayoyi, 'yan sanda na jibgar wani ɗalibi da kulake a bayan motarsu. Hukumar 'yan sanda ta yi tir, aka kama uku, a watan Agusta kotu ta ɗaure su shekara guda ta kuma yanke diyyar sefa miliyan 15. Abin lura shi ne yawan sharuɗɗan da suka taru kafin a kai ga haka: babban birni, ƙungiyar ɗalibai mai ƙarfi, lauyoyi a kusa, 'yan jarida, da hoton da ba ya musantuwa. Ɗan kabu-kabun Gure da aka mara a lungu ba shi da ko ɗaya daga cikinsu.

Abubuwan da suka biyo baya sun koma gidan jiya. Ranar 15 ga Maris 2020, yayin tarwatsa masu zanga-zanga kan badaƙalar kuɗin sayen makamai, gobara ta tashi a kasuwar Tagabati ta Yamai, aƙalla mutum uku suka mutu. Ƙungiyoyin kare haƙƙi sun ɗora laifin a kan barkonon tsohuwa, amma waɗanda aka kulle su ne masu kiran zanga-zangar. A Tera, ranar 27 ga Nuwamba 2021, mutum uku sun mutu lokacin da matasa suka tare ayarin sojan Faransa da jandarmomin Nijar ke rakiya. Binciken da aka bayyana a watan Mayu na 2022 ya ce ba a iya tantance wanda ya yi harbin ba, ƙasashen biyu suka haɗa kuɗi suka biya diyya. An biya jini, ba a ambaci sunan kowa ba.

Bakin masu kare kaki, da na masu tuhuma

Masu cewa a yi hattara da sukar jami'ai suna da hujja mai nauyi. Tun harin Boko Haram a Bosso da Difa ranar 6 ga Fabrairu 2015, gabashin ƙasar ke cikin halin yaƙi, kuma Gure ce ƙofar shiga wannan yanki. A yamma, jandarmomi 13 aka kashe a Ayoru rana guda a watan Oktoba na 2017. A watan Yuni na 2024 'yan tawayen FPL suka fasa bututun man da ke zuwa Benin a yankin Tasker. Yaron da ke tsaye a shinge da tsakar dare bai san ko motar da ke tahowa ta fatake ce ko ta masu kisa ba, kuma shi ma ɗan talaka ne, wataƙila ɗan Gamu ko Alakos. A ganin masu wannan ra'ayi, tona asirin jami'i a irin wannan lokaci karya gwiwar dakaru ne.

Sukan kuma kawo binciken jin ra'ayi na Afrobarometer, wanda ya sha nuna Nijar cikin ƙasashen Afirka da mafi yawan mutanensu ke cewa sun amince da 'yan sanda, alhali Nijeriya na can ƙasan jeri. Fataken Gure da ke tsallaka iyaka ba sa buƙatar bincike kafin su faɗi bambancin. Sun ga abin da ya kai matasan Nijeriya ga boren neman rusa rundunar 'yan sanda ta SARS a watan Oktoba na 2020, har aka rusa ta ranar 11 ga watan, aka kuma buɗe wa masu boren wuta a Lekki ranar 20. Sun kuma ji gwamnonin arewacin Nijeriya na cewa su gyara suke so a yi wa rundunar, domin suna buƙatarta a yaƙi da 'yan bindiga. Da aka umarci jihohi su kafa kwamitocin sauraron koke-koke, Kano da Jigawa da Yobe na cikin waɗanda ba su kafa ba.

Masu tuhuma kuwa cewa suke yi wannan amincewa jari ce da ake ci ba a mayarwa. Mutum na iya gaya wa mai tambaya cewa ya yarda da 'yan sanda, yana nufin ya fi son ganinsu a kan ganin 'yan fashi, amma ko a mafarki ba zai shiga kwamisariya ya kai ƙarar ɗan sanda ba. Abin da zai ce shi ne na bar shi da Allah, ko Allah ya isa, kalmomin da a kunnen baƙo suke kama da haƙuri, alhali hukunci ne mutum ya yanke cewa babu adalci a nan duniya. Fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, wanda ya fito a 2021, ya nuna samarin unguwar Kara-Kara da suka tashi suna ganin hukuma ta san da su ne kawai ranar kame. Ɓangaren masu tuhuma na tuna wa jama'a cewa hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, CNDH, ita ce a 2020 ta yi ƙarfin halin cewa masu kaki ne suka kashe fararen hula aƙalla 71 a yankin Inates, kuma ƙasar ba ta rushe don an faɗi hakan ba. Gyara kayanka, in ji su, bai zama sauke mu raba ba.

Ƙofofin da suka rage

Kafin juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, mai ƙorafi na da ƙofofi da dama, ko da yake duk nesa suke: CNDH, ofishin mai shiga tsakani na jamhuriya, HALCIA, layin waya na ma'aikatar shari'a don kai ƙarar cin hanci, da sashen sufetocin jami'an tsaro na ma'aikatar cikin gida. Da aka jingine tsarin mulkin 2010, hukumomin da ya kafa sun tafi tare da shi, har da CNDH. An maye gurbin HALCIA da COLDEFF, wadda ta fi mayar da hankali kan ƙwato dukiyar gwamnati. An sallami tawagar Tarayyar Turai ta EUCAP Sahel da ke horar da jami'ai tun 2012. A watan Yuni na 2024 aka dawo da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a ta intanet, bayan an cire shi a 2022. Wanda ya ga ana dukan wani a yau zai yi tunani sau biyu kafin ya ɗaga waya, ga shi kuwa wayar ce ta kai 'yan sandan 2017 gaban alƙali.

Duk da haka, yawancin abin da zai sauya zaman Gure ba ya jiran sabon kundin tsarin mulki. Kowace tara a ba da rasiɗinta, a kuma liƙa farashin tarar a tasha da kasuwa, a karanta shi a rediyon gari da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Tubanci. Kowane jami'i ya sa suna ko lamba a ƙirji. Littafin tsarewa ya nuna awar shiga da ta fita, alƙalin kotun Gure ya riƙa leƙa ɗakunan tsarewa ba tare da sanarwa ba, kamar yadda aikinsa na sa ido kan masu bincike ya ba shi dama. Gyaran da aka yi a birgadi a rubuta shi, kowane ɓangare ya tafi da kwafi, mai gari ya sa hannu. A kai wa birgadi man motarsa daga baitulmali, domin ba a iya hana mutum roƙo alhali an aike shi hannu wofi. Idan kuma an hukunta jami'i, a faɗa wa garin da ya yi laifin. Sauya masa wurin aiki a asirce, a idon jama'a, lada ne.

Sarakuna da limamai da shugabannin 'yan tasha da na makiyaya su ne mutane ke kai wa kuka tun asali. Abin da suka saba yi shi ne roƙon a saki wane. Da za a ba su zama na ƙa'ida da parefe da kwamishinan 'yan sanda da kwamandan jandarma, a karanta koke-koke a rubuta amsa, da roƙon ya zama bin kadi.

Wannan duka maganar tsaro ce kai tsaye. Babu rundunar da za ta iya gadin rairayin da ke tsakanin Gure da Tasker da iyakar Yobe da idonta kaɗai. Makiyayin da ya ga baƙin mutane da makamai a bakin rijiya shi ne zai fara sani, kuma cikin daren zai yanke shawara ko ya kai labari birgadi ko ya kora dabbobinsa ya yi shiru. Abin da zai auna shi ne yadda aka yi da shi ranar da aka tsare ɗansa, da ko wanda ya karɓe masa saniya ya taɓa amsa tambaya a gaban kowa.